TABA SIGARI DA CIWON HANTAR DA JIKI KE JAWO WA KANSA

Ƴan uwa fatake, da dillalai, da ƴan kora, da direbobin da ke ɗaukar mana kaya. A wannan fitowa mun ɗan jingine zancen farashi da na takardun duwan, za mu taɓa wata magana da ta shafi lafiyarmu da ta iyalinmu. Mu dai ba likitoci ba ne, ƴan tike ne kamar ku. Amma mun zauna da masu ilimin abin mun yi tambaya, mun kuma sa yaranmu da suka yi boko sun karanto mana abin da aka rubuta, sa'an nan muka ɗauko alƙalami.

ABIN DA YA SA MUKA ƊAUKO ZANCEN

Akwai wani ɗan uwanmu a wannan ƙungiya, mun fi shekara 20 muna haɗa kaya da shi a mota ɗaya. Uwargidansa, mace mai kusan shekara 50, ta yi wajen shekara 2 tana fama da ƙaiƙayi, ga shi ko ƙurji ɗaya babu a jikinta. Da dare ya yi sai abin ya tsananta, har tafin hannu da na ƙafa, ba ta barci ba ta barin kowa ya yi. Ga wata irin gajiya wadda ko tuwon gida ba ta iya tuƙawa. Aka ce ƙazwa ce, aka shafa magani. Aka ce shawara ce, aka jiƙa sassaƙe. Daga baya aka fara raɗe-raɗin sammu, har aka soma kallon abokiyar zamanta da wani ido, gida ya nemi ya watse. Bijimi 2 mutumin nan ya sayar wajen neman magani.

Da aka je babban asibiti aka auna jininta, ba a sami ciwon hanta na B ba, ba a sami na C ba. Sai da aka aika da jinin wani wuri aka yi awo na musamman, sa'an nan likita ya ce garkuwar jikinta ce take cin hantarta. Ya tambaya ko tana shan taba, aka ce ko kusa. Ya ce to akwai mai sha a gidan? Nan abokinmu ya sunkuyar da kai, don shi kwali guda yake tashi da shi a rana, shekara 30 ke nan, kuma in yana gari a cikin ɗaki yake busawa. Likitan ya faɗa masa gaskiya, cewa ba zai rantse hayaƙin ne ya kawo ciwon ba, amma hayaƙin taba yana cikin abubuwan da bincike ya nuna suna ƙara haɗarinsa. Shi abokin namu ne da kansa ya ce a rubuta, ko wani zai tsira.

HANTA DA AIKINTA

Mu da muke shiga kwata mun fi kowa ganin hanta. Kowa ya san yadda lafiyayyar hantar sa take: sumul, ja mai duhu, da matsarmama maƙale a jikinta. Kowa kuma ya taɓa ganin ta saniyar da ta yi kiwo a fadama ta kwaso tsutsar hanta. In mahauci ya tsaga ta sai ka ga wasu farare-fararen jijiyoyi sun yi kauri sun taurare, wuƙa tana ƙara a kansu, malamin dabbobi ya ce a zubar. To waɗannan jijiyoyin su ne hanyoyin da maɗaci yake bi. Ku riƙe wannan a zuciya, don a kansu yawancin maganarmu take.

Hantar babban mutum tana kai kilo 1 da rabi. Ita ce take tace jini, take sarrafa abin da muka ci da maganin da muka sha, take kashe dafin abin da ya shiga jiki. Ita ce kuma take yin ruwan maɗaci, fiye da rabin lita kowace rana, wanda yake bi ta ƙananan hanyoyi a cikinta ya taru a matsarmama, ya zuba cikin hanji don narkar da maiƙo. In hanyoyin nan suka lalace, maɗaci ba ya samun mafita, sai ya tsaya yana ƙona naman hantar, wani kuma ya koma cikin jini. Daga nan ƙaiƙayi yake zuwa, daga baya ido ya yi ɗorawa. Shekara da shekaru ana haka sai hanta ta cika da tabo, ta ƙandare, ta kasa aiki.

YADDA JIKI KE JUYA WA KANSA

Allah ya sanya wa jikin mutum da na dabba masu tsaro a cikin jini, su ne ake ce wa garkuwar jiki. Aikinsu su gane baƙo su kashe shi. Allurar rigakafin da ake yi wa shanunmu ta ciwon huhu, da wadda aka yi ta yi har aka ga bayan bushiya a duniya a shekarar 2011, duk koya wa masu tsaron nan ake yi su gane fuskar abokin gaba tun kafin ya zo.

To wani lokaci masu tsaron sukan ruɗe, su ɗauki wani sashe na jiki a matsayin baƙo su far masa. Kamar karen ruga ne da aka ajiye don kura, wata rana ya wayi gari yana cizon ƴan maruƙa. In abin ya faɗa kan gaɓoɓi, shi ne wani irin amosanin gaɓɓai mai lanƙwasa yatsu. In ya faɗa kan hanta, shi ne abin da muke magana a kai. Wannan ciwo ba a ɗaukarsa daga wani, ba ya bin jini ko kwanciya ko kwanon abinci, saboda haka babu dalilin ƙyamar mai shi.

IRINSA UKU NE

Da yake wasunmu asibitin Nijeriya suke zuwa, wasu na Nijar ko Kamaru ko Cadi, za mu kawo haruffan da likitoci ke rubutawa a takarda ta ɓangaren Ingilishi da ta Faransanci.

Na farko shi ne PBC, masu Faransanci su rubuta CBP. Shi ƙananan hanyoyin maɗaci na cikin hanta yake ci a hankali. A cikin mutum 10 masu shi wajen 9 mata ne, yawanci daga shekara 40 zuwa 60. Shi ne ya kama iyalin abokinmu.

Na biyu shi ne PSC, ko CSP. Shi manyan hanyoyin maɗaci yake ƙuntatawa, na ciki da na wajen hanta. Ya fi kama maza, wajen 2 cikin 3, masu shekara 30 zuwa 40, kuma sau da yawa yakan zo tare da gyambon babban hanji mai sa gudawa da jini. An fi ganinsa a ƙasashen arewacin Turai irin su Norwe da Suwidin.

Na uku shi ne AIH, ko HAI. Shi naman hantar kansa yake kumburawa. Yana kama yaro da babba, amma shi ma mata ya fi yawa a ciki.

Dukansu ba su da yawa a cikin jama'a in aka gwada da ciwon hanta na B. Sai dai a ƙasashenmu awon gano su ba a ko'ina ake yinsa ba, saboda haka mai shi yakan daɗe yana yawo tsakanin masu magani kafin a san abin da ke damunsa.

INA TABA TA SHIGO?

Masana sun ce abu biyu ke haɗuwa kafin garkuwa ta ruɗe: gado, da wani abu daga waje da zai tayar da shi. A shekarar 2004 an duba tagwaye masu kama ɗaya har guda 8 waɗanda ɗaya a cikinsu yake da PBC, sai aka tarar a 5 daga ciki ɗan uwan tagwaicin shi ma yana da shi. Wannan ya nuna ƙarfin gado. Amma sauran 3 ɗin fa? Jini ɗaya, ciki ɗaya, wannan ya kamu wancan bai kamu ba. Ashe ke nan akwai abin da ke zuwa daga waje. Wajen neman wannan abu ne aka yi ta cin karo da taba.

Yadda ake binciken shi ne a tara masu ciwon, a tara wasu lafiyayyu sa'o'insu, a yi wa kowa tambaya iri ɗaya a kan rayuwarsa, sa'an nan a ga inda suka bambanta. An yi haka a arewa maso gabashin Ingila a shekarar 2000, aka ga waɗanda suka taɓa shan taba sun fi yawa a cikin masu PBC. A shekarar 2005 aka yi wani babba a Amurka da masu ciwon 1,032, aka sake samun haka, tare da yawan ciwon mafitsara da samun mai ciwon a cikin dangi. A shekarar 2010 likitocin Faransa suka yi nasu da masu ciwon 222, su kuma suka lissafa har da wanda yake shaƙar hayaƙin wani, aka ga nan ma akwai alaƙa. A shekarar 2019 wasu masana suka tattara binciken da aka yi a wurare dabam-dabam suka haɗa lissafi, ya nuna wanda ya taɓa shan taba haɗarinsa ya ɗara na wanda bai taɓa sha ba da wajen kashi 30 cikin 100.

Akwai kuma magana ta biyu wadda ta shafi wanda ya riga ya kamu. Bincike a Amurka a 2006 da wani a Faransa a 2012 sun nuna masu PBC da suka sha taba an fi samun hantarsu ta yi tabo mai yawa, kuma gwargwadon yawan tabar da mutum ya sha gwargwadon ɓarnar.

A nan sai mu yi adalci kamar yadda likitan can ya yi. Irin wannan bincike yana nuna abu biyu suna tafiya tare ne, bai kai a ce an kama ɓarawo da kaya a hannu ba. Mafi yawan mashaya taba ba za su kamu da wannan ciwo ba, kuma akwai masu shi da ko warin taba ba su sani ba. Shi ya sa masana suke cewa taba tana cikin abubuwan da ake zargi da ƙara haɗari. Amma mu ƴan kasuwa ne. In mutum 4 daga garuruwa 4, waɗanda ba su san juna ba, kowa ya ce maka shanunsa sun yi zawo bayan sun sha a tafki kaza, ba za ka tsaya jiran hukuncin alƙali ba kafin ka kauce da garkenka.

TA INA HAYAƘI YA ISA HANTA?

Wani zai ce, Alhaji, ai taba huhu take shiga, me ya haɗa ta da hanta? To hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadari fiye da 7,000, wajen 70 a cikinsu an tabbatar suna kawo ciwon daji. Daga huhu suke ratsawa cikin jini, jini kuwa dole ya bi ta hanta. Shi kansa nikotin, wato sinadarin da ke sa mutum ya kasa bari, hanta ce take sarrafa shi. Kowane kara da ka kunna, aiki ka ɗora mata.

Bayan haka hayaƙi yana tsokanar garkuwar jiki, yana sa ta zama kullum a fusace, yana kuma iya canza kamannin wasu ƙwayoyin jiki har masu tsaro su kasa gane nasu. A kan amosanin gaɓɓan da muka ambata an riga an gama magana: rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 2014 ya sanya taba cikin abubuwan da ke kawo shi. Wannan rahoto kuma ya tabbatar taba tana kawo ciwon dajin hanta, abin da hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta riga ta faɗa tun 2004. Ka ga ke nan ko an ajiye zancen garkuwa gefe, tsakanin taba da hanta babu alheri.

WATA MAGANA DA ZA KU JI

Gara ku ji ta daga bakinmu kafin wani mai wayo ya kawo ta majalisa. A ciwo na biyu, wato PSC, bincike ya nuna akasin haka: mashaya taba sun fi ƙaranci a cikin masu shi, kamar yadda aka gani a gyambon babban hanjin da ke rakiyarsa. Gaskiya ne, an rubuta. Amma babu likitan da zai ce ka sha taba don tsoron PSC. Ciwo ne da ba kasafai ake ganinsa ba, ita kuwa taba, a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, tana kashe fiye da mutum miliyan 7 kowace shekara, fiye da miliyan 1 a cikinsu ba su ma sha, hayaƙin wasu suke shaƙa. Wa zai ƙona rumbu don ya kashe ɓera?

KADA A MANCE DA BABBAN ABOKIN GABA

A ƙasashenmu, in aka ce ciwon hanta, na B ne kan gaba nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da shi a duniya, wajen miliyan 65 a yankin Afirka. Yawancinmu masu furfura an haife mu tun kafin a fara yi wa jarirai rigakafinsa, don a Nijeriya ma sai 2004 aka sa shi cikin alluran yara. Da yawa muna ɗauke da shi ba mu sani ba. Mai ɗauke da B ko C in ya haɗa da taba, ya ƙara wa kansa haɗarin dajin hanta. Haka gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, da giya, da ƙwayoyin da ake saye a tasha ana haɗiya barkatai don a kashe gajiya, duk nauyi ne a kan hanta ɗaya.

ALAMOMI DA ABIN YI

A lura da waɗannan, a jikinmu da na iyali: ƙaiƙayi mai daɗewa ba tare da ƙurji ba, musamman da dare, gajiyar da barci ba ya maganinta, bushewar baki da ido, fata ta ƙara duhu, fitsari ya yi ja kamar shayi, bayan gida ya yi fari-fari, ido ya yi ɗorawa. In har ciki ya kumbura da ruwa, ko ƙafa ta kumbura, ko aka yi aman jini, to abin ya yi nisa, a garzaya asibiti a ranar.

In an je, a nemi awon B da C da awon aikin hanta, da hoton ciki wanda a wajenmu ake ce wa eko. In B da C ba su fito ba amma awo ya nuna hanta tana da matsala, kada a tattara takardu a koma gida a ce asibiti sun kasa. A roƙi likita ya tura wajen ƙwararren likitan hanta da hanji a babban asibiti, a Yamai ko Kano ko Yawunde ko Injamena, inda ya fi kusa. Akwai awon jini da ake rubutawa AMA, wanda yake fitowa a jinin fiye da mutum 9 cikin 10 masu PBC. A faɗa wa likita gaskiya a kan taba, da duk wani jiƙo ko ƙwaya da aka sha.

Albishir shi ne akwai magani. PBC ana riƙe shi da wata ƙwaya da ake ce wa urso, ana sha kullum gwargwadon nauyin mutum, kuma in an fara da wuri da yawa suna yin tsawon rai kamar kowa. Abin da zai ba ku mamaki, yawancin wannan magani daga maɗacin shanu ake ciro asalinsa a sarrafa a masana'anta, wato abin nan da mahauta ke yankewa su yar. Amma fa kada wani ya ji haka ya ce zai ɗura wa mara lafiya ɗanyen maɗaci, wannan cutarwa ce. Shi kuma AIH ana kwantar da shi da magungunan da ke rage zafin garkuwa, waɗanda likita kaɗai ke tsara su, ba a farawa ko a daina da ka. Iyalin abokinmu yanzu tana kan magani, ƙaiƙayi ya lafa, ita da abokiyar zamanta sun shirya.

BARIN TABA A KAN HANYA

Mun san yadda sana'ar nan take. Ka loda shanu a Maigatari ko Illela ko Mubi, ka kwana biyu ko uku a kan mota kafin Legas, ga sanyin dare, ga shinge bayan shinge, ga fargabar kada wani sa ya kwanta a tattake shi. A nan yawancinmu muka koyi taba, wai don ido ya buɗe. Ba mu zo zagin kowa ba, cikin masu wannan rubutu ma akwai wanda ya sha ya bari.

Ga abin da muka ga ya taimaki waɗanda suka bari. Ka sa rana, ka faɗa wa abokan tafiyarka da yaran motarka don su daina miƙo maka. Kada ka bar kwali ko ashana a aljihu. Kwana 3 na farko su ne masu wuya, bayan mako 3 zuwa 4 jiki yakan saki. In sha'awar ta taso, mintoci kaɗan take yi ta wuce: ka sha ruwa, ka sa asuwaki a baki, ka sauka ka zaga kayanka. Wanda ya iya riƙe baki daga asuba zuwa magariba wata guda cur, ya riga ya san zai iya, shi ya sa da yawa suke ɗaura niyya da azumi. A wasu manyan farmasi ana samun cingam ko filastar nikotin, a tambayi likita. Komawa ga shisha ko lofe ko taba gari kuwa, an gudu ne ba a tsira ba. In ka bari ka koma, ka sake ɗaura niyya, da yawa sai a karo na uku ko na huɗu suka dace.

Wanda kuma bai kai ga bari ba tukuna, to ga roƙonmu: kada ka busa a ɗakin iyali, kada ka busa a gaban mota gilashi a rufe da yara a ciki. Doka ma ta hana sha a wuraren taruwar jama'a, a Nijar tun 2006, a Nijeriya kuma akwai dokar 2015. Sa'an nan ka zauna ka lissafa kuɗin kwali ɗaya sau 365, ka gani ko bai kai kuɗin ɗan maraƙi ba.

Ƴan uwa, dabba in za mu saya sai mun buɗe bakinta, mun duba idonta, mun tayar da ita ta taka. Mu yi wa kanmu da matanmu ko rabin wannan. Duk wanda ya karanta takardar nan ya karanta wa na kusa da shi a tike, ya kuma kai ta gida. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare mu a hanya, ya sa albarka a kasuwa.